Kafin a zuba jari a na'urar tace hoto: abin da ya kamata samarin Bazaga da Ƙonni su sani

Da zarar an gama girbin gero an cika rumbuna, sai ƙasar Ƙonni ta ɗauki kiɗa da guɗa. Daga Bazaga zuwa Tsarnawa, daga Malbaza zuwa Illela, lokaci ne na ɗaurin aure da tarewar amare, da saukar Alƙur'ani, da kokowa a dandali. A zamanin da, maroƙi da zabiya su ne masu riƙe labarin buki a ka. Yau kuwa ba a cika yin taro ba a ga wani saurayi a gefe riƙe da kamara ko wayar salula ba, yana ɗaukar hoto mai motsi wanda za a aika wa ƴan'uwa masu ci-rani a Abijan ko Legas ko Libiya, domin su ga abin da ya wakana a gida.

Amma ɗaukar hoto rabin aiki ne. Bayan an watse, sai mai sana'ar ya zauna ya zubar da wanda bai yi kyau ba, ya jera sauran daki-daki, ya daidaita murya, ya rubuta sunayen ango da amarya. Wannan shi ne tace hoto, wanda masu jin Faransanci suke kira montaj. In ya gama, sai ya umurci na'ura ta haɗe aikin duka ya zama fim guda wanda za a zuba wa mai shi a waya. Wannan mataki na ƙarshe, watau fitar da aiki, shi ne yake tatsar ƙarfin na'ura fiye da kome.

Saboda haka samari da yawa suke tara kuɗin albasa, ko abin da suka samo a ci-rani, domin sayen kwamfuta. Jari ne mai nauyi ga ɗan ƙauye, kuma wanda ya yi kuskure a zaɓe ba ya samun damar sakewa da wuri. Abin da ke cikin haɗari kuwa ya wuce kuɗinsa, domin aure ba a sake ɗaura shi don hoto ya ɓace.

GADO NE A JIHAR TAWA

Yin fim da ɗan abin da ke hannu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Marigayi Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a Wagadugu a 2015, tun yana yaro yake yanka kwali yana haska shi da fitila domin jama'a su kalli inuwar siffofin da ya zana. Fim ɗin da ya fara fitar da sunansa a 1962, batun aure ne, sunansa ma ke nan. Daga baya ya zauna a birnin Tawa, ya ci gaba da zane mai motsi har ya kai ga yin sa da kwamfuta. Umaru Ganda kuma shi ya ciyo wa Nijar babbar kyautar bukin FESPACO na Wagadugu a 1972. A zamaninsu, sai an aika da majigi Faransa kafin a wanke shi. Ko a Kano, inda fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan Hausa na bidiyo a 1990, da kaset aka fara. Aikin da yake cin watanni a wancan lokaci, yau na'ura guda a kan tebur tana gama shi cikin yini, muddin an zaɓe ta da hankali.

AIKI SHI KE ZAƁEN NA'URA

Tambayar farko ita ce: wane irin hoto za a tace, kuma a ina za a kalle shi? Hoto mai motsi jerin hotuna ne tsayayyu, galibi 25 ko 30 a daƙiƙa guda. Fim na awa ɗaya mai hoto 25 a daƙiƙa yana ɗauke da hotuna 90.000, kuma dole na'ura ta lissafa kowane ɗaya lokacin fitar da aiki. Hoton da ake kira 1080 yana da ɗigo kimanin miliyan 2 a kowane hoto guda; wanda ake kira 4K yana da fiye da miliyan 8, watau ninki huɗu. Awa ɗaya ta 1080 daga ƙaramar kamara takan ci wajen giga 11, alhali awa ɗaya ta 4K tana iya cin giga 45.

To, mafi yawan masu buki a waya suke kallon fim ɗinsu, kuma ta WhatsApp ake aika shi, wadda ita da kanta take matse hoto ta rage masa nauyi. Wanda ya ɗauki bukin ƙauye a 4K ya jawo wa na'urarsa wahala ninki huɗu saboda kyan da mai kallo ba zai gani ba. Na'urar da ta iya 1080 ba tare da tangarɗa ba ta wadatar ga buki da wa'azi da taron ƙungiya. In ma aka kawo hoto mai nauyi, manhajojin tace hoto suna da dabarar yin kwafi mara nauyi a yi aiki da shi, sai lokacin fitarwa na'ura ta koma ga na ainihi.

WUTA TUKUNA

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kashe kuɗi duka a kan na'ura, a manta da abin da zai ciyar da ita. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai ƙarfin megawat 7, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2018, ta ƙara wa yankin wuta. Duk da haka kowa yana tune da abin da ya faru daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da aka yanke layin da ke zuwa daga Najeriya, wanda a lokacin yake ba da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC take rabawa. Ko ba wannan, a watannin bazara wuta takan ɗauke, takan kuma dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Ɗaukewar wuta a tsakiyar fitar da aiki tana mayar da shi farko, dawowarta da ƙarfi kuwa tana iya ƙona na'ura.

Don haka kafin a yi maganar kome, a ware kuɗin abu biyu. Na farko akwatin wutar da ke cikin kwamfutar, wanda yake karɓar wutar gida mai ƙarfin volt 220 ya rarraba ta ga sauran sassa. A nemi na kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus, wanda yake nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha tana isa ga na'ura, ba ta tashi a zafi ba. Mai wat 450 zuwa 550 ya isa ga na'ura matsakaiciya. Akwatin wuta na banza in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Na biyu shi ne ondilar, watau akwati mai batir da ke riƙe wuta na ƴan mintoci domin a adana aiki a kashe na'ura cikin natsuwa. A lura cewa wanda aka rubuta wa 650 VA ba ya ɗaukar fiye da wat 400.

Ga ƙauyukan da layi bai kai ba, inda ake dogara ga farantin hasken rana ko injin wuta, lissafi ya sha bamban. Kwamfutar tebur mai katin hoto tana iya shan wat 250 in tana cikin aiki. Batir na dalma mai volt 12 da amfiya 100 yana riƙe wat 1.200 na awa guda, amma in ana so ya daɗe ba a shanye fiye da rabinsa. Ke nan zai riƙe wannan na'ura awa biyu kacal, alhali kwamfutar hannu mai shan wat 60 za ta yi awa takwas a kansa, ga kuma batir nata na kanta. Aibinta shi ne saurin ɗaukar zafi, kuma ba a iya sake mata ƙwaƙwalwa ko katin hoto. Wanda ke Birnin Ƙonni ko Malbaza kusa da layi, ta tebur ta fi masa. Wanda ke ƙauye mai nisa, ta hannu ta fi masa kwanciyar hankali.

ƘWAƘWALWA: A DUBI SHEKARU, KADA A RUƊU DA SUNA

Ƙwaƙwalwar na'ura ita ce mai yin lissafi. A cikinta akwai ƙananan ma'aikata da ake kira zuciya, kuma fitar da aiki yana sauri gwargwadon yawansu da ƙarfinsu, kamar yadda gayya take gama gona kafin mutum ɗaya. Kamfanoni biyu ne suke ƙera ta ga irin waɗannan na'urori, Intel da AMD. Zuciya shida ita ce daidai ga mai ƙaramin jari.

Nan ne ake yawan yaudarar mai saye. Dillali zai ce wannan i7 ce, ta fi i5. Sunan kaɗai ba ya nuna kome sai an dubi lambar da ke biye da shi, wadda take faɗin zuriya. Misali i7-3770 zuriya ta uku ce, ta shekarar 2012, zuciyarta huɗu. Ita kuwa i5-8400 zuriya ta takwas ce, ta 2017, zuciyarta shida, ta kuma fi waccan aiki. Wanda hannunsa ya kai, i5-12400 ta 2022, ko Ryzen 5 5600 ta kamfanin AMD ita ma ta 2022, kowace tana da zuciya shida, ba kuma masu shan wuta da yawa ba ne.

Akwai dalili biyu na ƙin sauka ƙasa da zuriya ta takwas. Na ɗaya, wayoyi da kamarori na yanzu da yawa suna ɗaukar hoto a wani tsari mai suna H.265, wanda yake da wuyar warwarewa. Tun 2011 kamfanin Intel yake sa wani sashe mai suna Quick Sync cikin ƙwaƙwalwarsa domin wannan aiki, amma tsofaffin zuriyoyi ba su san H.265 ba, sai hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya. Na biyu, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a ƙa'idarta ba ta karɓar abin da ya gaza zuriya ta takwas ta Intel ko Ryzen 2000. A kuma kula da harafin F a ƙarshen lambar Intel: yana nufin ba ta iya nuna hoto da kanta, sai an haɗa mata kati. Ga mai lallaɓa kuɗi, wadda ba ta da F ta fi, domin zai fara aiki da ita tun bai sayi kati ba. A wajen AMD, masu harafin G irin su 5600G suna nuna hoto da kansu.

Kowace ƙwaƙwalwa tana da irin uwar allon da take zama a kai, ba a kuma ɗora ta Intel a mazaunin AMD. Abin da ya fi sauƙi ga wanda bai ƙware ba shi ne ya saye su a haɗe, an riga an gwada su tare.

TABARMA DA RUMBU

Abin da ake kira RAM kamar tabarma ce da ake shanya aiki a kai. In ta yi ƙanƙanta sai an riƙa kwashe wani kafin a shanya wani. Kamfanin Adobe, mai manhajar Premiere, yana ba da shawarar giga 16 ga hoton 1080, da giga 32 ga 4K. Giga 8 tana tayar da na'ura, amma mai ita zai sha jira. Sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai giga 16 sauri, domin na'ura tana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. Irinta uku ne a kasuwa, DDR3 da DDR4 da DDR5, kuma wata ba ta shiga ramin wata. A ƙarshen 2025 farashinta ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe ta, abin da ya ƙara wa na'urorin hannu masu zuwa da giga 16 daraja.

Rumbu kuwa shi ne diskin da ake ajiye aiki. Tsohon iri mai faifai yana juyawa ba ya wuce mega 100 zuwa 200 a daƙiƙa. Wanda ake kira SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki, yana kai mega 550, wani irinsa mai suna NVMe har yana wuce 3.000. Babu wani sashe da ɗan kuɗi kaɗan yake sake halin tsohuwar na'ura kamarsa. Tsarin da ya dace shi ne SSD mai giga 500 domin manhaja da aikin da ake kai, sa'an nan diski mai faifai na tera 1 ko 2 domin ajiya. Bayan wannan, a sami wani diski na waje a riƙa kwafe aikin mutane a ciki, a ajiye shi a wani ɗaki dabam. Kada kuma a goge memorin kamara sai an damƙa wa mai buki fim ɗinsa. Rigakafi ya fi magani.

KATIN HOTO A ƘARSHE

Katin hoto shi ne abin da samari suka fi buri, shi ne kuma ya fi tsada. Yana da amfani wajen gyaran launi da kwalliya, kuma katunan Nvidia suna da wani sashe mai suna NVENC da ke gaggauta fitar da aiki. Manhajar DaVinci Resolve, wadda take da sigar kyauta, ta fi sauran dogara da shi. Amma mai yanka hoto yana jerawa da Kdenlive ko Shotcut, waɗanda su ma kyauta ne, yana iya fara sana'a ba tare da kati ba, ya saye shi daga ribar bukukuwan farko.

In lokacin ya zo, GTX 1650 mai giga 4 wat 75 kawai take sha. GTX 1660 Super mai giga 6 tana shan wat 125. RTX 3060 mai giga 12 tana shan 170. GT 1030 kuwa, duk da arharta, ba ta da NVENC. Araha ba ta ado. A san kuma cewa tsofaffin kwamfutocin ofis masu siririn jiki, irin Dell OptiPlex da ake yawan kawowa daga Turai, akwatin wutarsu ƙarami ne na musamman, kuma babban kati ba ya shiga cikinsu. Mai niyyar ƙara kati nan gaba ya nemi mai babban jiki.

Katunan hannu suna da illa biyu. Tun watan Satumba na 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto, kasuwannin duniya suka cika da katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana. Akwai kuma na jabu, inda ake sake wa tsohon kati suna ya fito kamar sabo. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z tana tona asirin irin waɗannan.

ZAFI DA ƘURA

An ƙera yawancin na'urorin nan ne da tunanin ɗaki mai sanyi. A ƙasar Ƙonni kuwa zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano ya fi haka. Ƙwaƙwalwa in ta kusa digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta domin kada ta ƙone. Ke nan mutum yana iya biyan kuɗin doki ya sami tafiyar jaki, don kawai iska ba ta ratsa akwatin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hazo yana cusa ƙura cikin fankoki.

Maganin wannan ba shi da tsada. A ɗora na'ura a kan tebur, nesa da ƙasa da bango. A sa fanka ɗaya mai jawo iska ta gaba, ɗaya mai fitarwa ta baya. A buɗe akwatin a hure ƙura a kai a kai, na'ura tana kashe an zare waya. Tsohuwar na'ura a sa mai gyara ya sake mata man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta, domin yana bushewa. A rufe ta da zane in an kashe, a yaye in za a kunna. Fitar da dogon aiki kuwa a bar shi sai dare ko asuba.

RANAR CINIKI

Mutumin Bazaga yana da hanya biyu: ko ya nufi Yamai ko Maraɗi, ko ya tsallaka iyaka ta Illelar Najeriya zuwa Sakkwato, ko Kano inda titin Beirut ya shahara da kayan kwamfuta. Faɗuwar darajar naira tun watan Yuni na 2023 ta sa kayan can suna yi wa mai sefa sauƙi, amma a haɗa da kuɗin mota da na duwan da ribar ɗan canji kafin a ce an yi arha. A tuna kuma an rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta daga 2023 zuwa farkon 2024. Alkawarin mayar da kaya ba ya amfani in hanya ta toshe. Kayan Najeriya sukan zo da filogi mai baki uku irin na Ingila da madannin Turanci, waɗanda suka saɓa da na nan. Wasu tsofaffin akwatunan wuta da suka fito daga Amurka suna da ɗan makunni a baya mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 aka jona shi a nan, take zai ƙone.

Zuwa da kai ya fi aike. Mai saye ya tafi da hoton da ya ɗauka da kamararsa, na minti goma, ya sa a fitar da shi a gabansa, yana duban agogo, yana sauraron fanka. Na'urar da za ta mutu da zafi a nan take nuna hali. Ya buɗe shafin bayanin na'ura ya karanta lambar ƙwaƙwalwa da yawan RAM da idonsa, kada ya dogara da takardar da aka manna a jiki. Manhajar CrystalDiskInfo tana faɗin awa nawa diski ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa. In an daidaita, a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar kowane sashe da kwanakin da aka yarda a mayar.

GA SHUGABANNI DA MA'AIKATA

Wannan magana ta shafi ofisoshin magadan gari, da ƙungiyoyin manoma, da cibiyoyin yaƙi da jahilci, waɗanda su ma suke bukatar fim domin koyar da noman rani ko kiwon lafiya da harshen da jama'a suke ji. Takardar odar da ta ce kwamfuta i7 kawai, ba zuriya, ba yawan RAM, ba irin diski, ƙofa ce a buɗe ga ɗan kwangila ya kawo tsohon kaya da farashin sabo. Ya kamata a rubuta kowane sashe da lambarsa, a sa ondilar da diskin ajiya cikin kasafi ɗaya, a kuma gwada kaya kafin a sa hannu.

Jerin dai ga shi: tsaron wuta da farko, sai SSD da RAM giga 16, sai ƙwaƙwalwa mai zuciya shida wadda ba ta gaza zuriya ta takwas ba, sai diskin ajiya, katin hoto kuwa in hali ya yi. Saurayin da ya bi wannan tsari, ko da na'urarsa ta hannu ce, zai kai wa mai buki fim ɗinsa a ranar da ya yi alkawari, kuma a ƙauye wanda ya cika alkawarin buki ɗaya shi ake kira a na gaba.